Wa Ke Shiga da Sunan Manaja?

Juma'a bayan Juma'a, sunan Manaja Ɗantsoho na bayyana a kwamfuta alhali mai sunan yana masallaci.

Rahamatu, injiniyar kwamfuta ta kamfanin, ta sake duba allon. Daga kwamfutar ofishinsu na Gumel ake shiga da kalmar sirrinsa, a leƙa kwamfutar reshen Maigatari, sai ta Gagarawa, sai ta Sule Tankarkar. Ba a goge komai, ba a taɓa komai. Leƙe kawai, kamar mai nazarin gida kafin ya haura katanga.

Ita ta sha fama kafin kamfanin riɗin ya yarda a haɗa rassansa ta layin waya. Ita ta girka manhajar da ke gadinsu a kakar 1998, cikin sauri, ana ta ɗauke wuta, Manaja na tsaye a kanta yana danna duk abin da ta ce ya danna. Har lacca ta yi wa ma'aikata: kalmar sirri, ko matarka kada ta sani.

To wa ya san ta Manaja?

Ofishin na da tsohuwar al'ada: ranar Juma'a Kirista ke tsaron gida, Lahadi Musulmi su rama masa. Kirista kuwa ɗaya ne, Jonah magatakarda, dattijon da ke ajiye mata kunun gyaɗa kullum safe. Ta fara lura da shi. Yana yawan tsayuwa bayan kujerar Manaja. Yana da suruki a wani kamfanin riɗin. Kunun ma ya fara yi mata kama da toshiyar baki.

Ranar Litinin ta kai magana gaba.

"Malam Jonah, kai kaɗai ne a ɗakin nan ranar Juma'a," in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, ni da tawa kalmar sirrin ma sai na yi da gaske nake tunawa, ina ni ina taka?" Ya juya wajenta. "Injiniya, 'yata, faɗa masa mana."

Ba ta iya kallonsa ba. "Kwamfuta ba ta ƙarya, Baba."

Jonah ya ajiye makullai a tebur, ya ɗauki fulas ɗinsa, ya fita. A take ta canja wa Manaja kalmar sirri.

Da Juma'a ta zagayo babu mai tsaro, sai ita ta zauna. Gari ya yi tsit, layin waya ya huta. Ta sa sakata, ta zuba wa kwamfutar ido.

Liman na tayar da salla akwatin da ke haɗa kwamfutar da layin waya ya fara ƙara shi kaɗai, yana kiran Maigatari. Babu hannun kowa a kan madannai. Sai saƙo ya fito a allon: manhajar gadin ce ke neman sabuwar kalmar sirri, domin ta Manaja, wadda Rahamatu ta sa shi ya danna mata tun ranar girkawa don zagayenta na duba rassa duk Juma'a, ta daina buɗe ƙofa.