Mai Neman Hantsi a Kwarin Ƙanƙara

Kawu, tunda ka ce mai yanke hanya shi ke riga kowa isa, ga wani misali ka auna. Wani saurayi ne ɗan makiyaya, ya gama karatun likitan dabbobi, aka tura shi Turai ya koyo kiwon shanun madara da yin cuku. Gonar da ya sauka tana can ƙasan wani kwari, duwatsu sun yi mata katanga, tsayinsu sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙolinsu. Da hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe komai, sai rana ta daina sauka kwarin. Fitowa dai tana fitowa, amma ta bayan dutse take raɓewa, sai dai mutum ya ɗaga kai ya hango haskenta a can sama. Wata biyu cur ana haka. Shi da ya tashi inda ake yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa, ga shi a garin da hantsi bai san ƙofar kowa ba. Abinci akwai, ɗaki da ɗumi, amma in yana zuba wa shanu ingirici sai ya tuna Innarsa zaune a jikin danga da safe, ta miƙe ƙafafu tana tsintar wake, rana na gasa mata baya. Ba abin da yake so a duniya kamar rana ta taɓa masa fuska, ko sau ɗaya ne.

Tsohuwar da ke da gonar ta lura yadda yake yawan kallon sama. Ta ce masa akwai wani benci a kafaɗar dutsen, inda rana ke sauka wajen awa guda da tsakar rana, kuma akwai hanyar hunturu da ke kai mutum can, an daddale ta, an kakkafa mata sanduna masu jan fenti. Ta ce gobe sama za ta washe, daga jibi kuma sai abin da hali ya yi. "Ka bi sandunan nan, ɗana," in ji ta. "A nan sawu ba hanya ba ne." Ya yi godiya, amma a ransa dariya yake yi. Shi da ya taɓa bin sawun karsana yini guda a jeji har ya kamo ta, shi za a koya wa hanya?

Washegari ya kama turbar. Sai ya ga abin haushi: benci na sama, hanya kuwa sai lanƙwasa take yi, ta shiga cikin itatuwa, ta gangara ta haye wata gada, kamar ba ta da niyyar hawa. A gadar ya wuce wani tsoho mai dogara sanda biyu, yana tafiya kamar hawainiya. Gaba kaɗan ya ci karo da sawu ya bar turba ya miƙe tsaye ɗoɗar zuwa benci. Ya durƙusa ya duba shi irin duban makiyaya: mutum ɗaya ne, yau ya bi, ya hau bai dawo ba, ke nan ya isa. Duk abin da ya karanta daidai ne. Abin da bai sani ba, mai sawun ya ɗaura wasu takalma ne masu faɗi kamar faifai, waɗanda ke hana mutum nutsewa. Taku goma na farko ƙanƙara ta tsaya masa a idon sawu. Can ta kai gwiwa. Can sai ga shi ya lume har kwankwaso, kowace ƙafa sai ya tono ta da hannu kafin ya jefa ta gaba. Komawa kuwa ya ga asara ce, ai ga bencin nan kusa.

Yana cikin wannan dambe rana ta zubo kan bencin, rawaya kamar man shanu. Ya ga mutane suna isowa ta turba ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon nan na gada, ya jingina sandunansa, ya zauna, ya lumshe ido, ya miƙa fuska sama. Tsakanin saurayin da inda inuwa ta ƙare bai fi jifa ɗaya ba. Ya yi ta kutsawa, gumi na daskarewa a girarsa, yana kallon hasken yana janyewa sannu a hankali, ya bar ƙafafun benci, ya bar allon jingina, ya haye dutse ya tafi abinsa. Sai da la'asar ya iso, kowa ya watse. Ya cire safar hannu ya shafa katakon, ya ji ɗan sauran ɗumi bai gama fita ba. Sai ya durƙusa ya kwantar da kuncinsa a kai, ya daɗe a haka, har katakon ya huce.

Da zai sauko, sanda bayan sanda ya bi, bai ƙetare ko ɗaya ba. Kashegari sama ta rufe, ƙanƙara ta ci gaba da zuba, sai da ya ƙara mako uku bai ga rana ba. Shi ya sa, Kawu, Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.