Kwamfutar Inna Ta Sake Ɗaukewa

Tun da aka fara ajiye muryar waɗanda suka rasu a kwamfuta, kowane magaji ake ba shi tasa. Ta Hajiya Turai ta ɗauke sau huɗu a wata guda, kullum tana tsakiyar hira da marigayiya Inna. Ta ƙanwarta Lantana kuwa ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ranar Laraba Turai ta kai ta shagon Malam Tanimu mai gyara.

"Hajiya, zafi ne," in ji shi bayan ya buɗe. "Kin lulluɓe ta da mayafi, ba ta shan iska, kuma ba kya kashe ta. Ki riƙa barin ta ta huta."

"Lantana fa, me take yi wa tata?"

"Ita sai ranar Juma'a take kunnawa."

Turai ta ja tsaki. Ita da ta yi jinyar Inna shekara shida, tata ce ke lalacewa!

Ya sauya fanka, ya kunna. Inna ta yi gyaran murya.

"Lantana, ke ce? Kin ci abinci?"

 Turai ta sassauta murya irin ta ƙanwarta.

"Ni ce, Inna. Na ci."