Ta Tsaye ko Ta Kwance

Mutumin ya buɗe firiza ta tsaye, ya leƙa, ya rufe. Ya koma kan ta kwance, ya ɗaga murfin, ya cusa kai ciki har kafaɗa. Da ya ɗago sai ya gyara ƙatuwar jakar da ya rataya, ya ce wannan ba abin da ake yi da gaggawa ba ne.

Ma'aikacin kantin ya yi murmushi. Gwani ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara tara yana sayar da kayan lantarki, yana gaya wa duk mai kunne cewa daga takalmin mutum yake gane mai saye.

"Ni ta kwance nake so, ƙanena," in ji mutumin. "Ta fi cin kaya, kuma ko wuta ta ɗauke sanyinta yana daɗewa. Mai ɗakina kuwa ta ce ba za ta riƙa zura kai a rijiya don neman cinyar kaza ɗaya ba."

Gwani ya zuba masa karatu: ta tsaye tana da hawa-hawa, komai a gaban ido, ba ta cin wuri, ta kwance ba ta shan wuta, amma abin da ya faɗa ƙasanta sai an yi haƙa. Mutumin ya saurara kamar ɗalibin kirki, sannan ya roƙi alfarma ɗaya. A jona su duka biyu, a bar su su kwana, ya sa kwalbar ruwa a kowacce ya ga wadda ta fi aiki.

A kantin wuta ba ta yankewa, ga wutar sola ga janareta. Gwani da kansa ya sa aka tura firizojin can lungu, bayan injinan wanki, don baƙonsa ya yi nazari ba hayaniya. Da mutumin ya ce yawan buɗewa yana ɓata gwaji, Gwani ya liƙa takarda a kan kowacce: An kama, kada a taɓa.

Daga ranar, ƙarfe tara na safe ba ta wuce mutumin a waje. Kullum kuma da sabon labari. Ran Litinin ta tsaye ce a gaba. Talata suruka ta sa baki, ta kwance ta dawo. Laraba an auna kicin, aka ga ƙofar ta tsaye za ta bugi kantar kwanuka. Alhamis aka gano igiyar awon ce ta miƙe.

Gwani ba ya tsaya masa a ka, domin a iliminsa babban mai saye ba a matsa masa. Yakan ba shi minti goma shi kaɗai a lungun. Mutumin ya fito yana murza tafin hannu, yana girgiza kai, ya ce har yanzu kunnen doki suke. Mai gadi ya lura jakar yadda take shiga da nauyi haka take fita, sai ya daina kallonta.

A mako na uku mai kantin ta kira Gwani ofis. Mace ce marar yawan magana, shi ya sa ake tsoronta.

"Waɗancan firizojin biyu haya muka ba da su, ko riƙo aka ba mu?"

"Ranki ya daɗe, irin wannan mutumin ba ɗaya zai ɗauka ba. Duka biyun zai kwasa, ki rubuta ki ajiye."

Ta ce ta rubuta. In wata ya ƙare ba a saya ba, Gwani zai koma sito ɗaukar kwali, inda ya fara. Ya ce ya ji ya gani, da murya mai ƙarfi, don sauran ma'aikata su ji.

Sun kuwa ji. Suka koma kiransa mai renon firiza, kowace safiya suna tambayarsa yadda yaran suka kwana.

Gwani ya rage farashi. Ya yi alkawarin kai kaya har gida kyauta. Ya fara tarbar mutumin da shayi. Shi kuma ya shanye, ya yi godiya, ya ce ai ba kuɗi ne matsalar ba, zaman lafiyar gida ake nema.

Ranar ƙarshen wata, ƙarfe tara ta yi, mutumin bai zo ba. Goma ta wuce. Mai kantin ta fito ta tsaya a ƙofar ofis, agogo kawai ta kalla. Wani daga cikin ma'aikatan ya ajiye wa Gwani safar hannu ta masu ɗaukar kaya a kan tebur.

Wajen sha ɗaya wata mata ta shigo da sauri, tana tambayar wanda ake kira Gwani. Ta ce maigidanta ne ya aiko ta, mai zuwa duba firiza, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Gwani ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan riga, ya waiwaya don ya tabbata mai kantin tana kallo. Ga mai yanke hukunci ta zo da ƙafarta. Ya raka matar har lungu, ma'aikata na biye da su, ya fara bayani mai ratsa zuciya a kan lafiyar bayan mace da illar yawan sunkuyo.

Matar ta katse shi, ta dire bokiti biyu cike da ƙullin ruwa a leda.

"Malam, yi haƙuri, masu lemo na jira a tasha. Cewa ya yi in kwashe ƙanƙarar jiya in zuba ruwan yau, to na manta, a wacce yake sakawa, ta tsaye ko ta kwance?"