Sawu Mai Yatsu Huɗu

"Kwance makiyayin nan, Alhaji. Ba shi ya fasa rumbunka ba," na ce.

"Ɓarawo na ɗauko ka daga Magariya ka nemo mini, ba wa'azi ba! Aikin binciken da aka koya maka a Dakar ke nan?"

Kwana biyu bawan Allah yana ɗaure a rana, bayansa duk shatar bulala, a kan damin gero ɗaya.

Na nuna wa Alhaji sawun da ke gindin rumbu: ƙafar hagu, yatsu huɗu. Duk garin Dogo-Dogo an san ƙafar wan Alhaji ce, wanda ya zo roƙon tiya guda ta gero Alhaji ya kore shi, yunwa ta kashe shi.

"Ƙarya ne! Ni na sa shi a rami!"

Na kwance makiyayin da kaina, na tasa Alhaji muka bi sawun har maƙabarta. Damina biyu ba ruwa, amma a kan kabarin wan nasa, gero ne tsaye, kore shar, ya fid da kai.

Na jefa masa igiyar.

"Ga ɓarawonka. Ɗaure shi."