Bocianko na Ƙarshe

Ignacy ya tsaya cak, kyandir a hannu. Ranar tunawa da matattu ce, maƙabartar ƙauyen ta cika da furanni. A gidan marayu ya girma, bai gaji komai ba sai suna: Bocianko, daga sunan shamuwa. Har ya tsufa bai taɓa gamuwa da wani mai sunan ba. Aka ce masa nan ne tushensa, ya taso neman dangi.

Sai ga sunan a kan wani ɗan ƙaramin kabari. Ignacy Bocianko. Har shekarar haihuwar ma irin tasa ce.

"Kai dattijo, ba ka gani ne? Ka taka min furanni," in ji wata tsohuwa mai goge dutsen.

"Yi haƙuri, Yaya. Wa ke kwance nan?"

"Ƙanena. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana jariri, lokacin yaƙi."

"Ai sunana ne wannan."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ka rayu! Ranar da muka binne shi, sojoji na kora Yahudawa zuwa tashar jirgi. Wata mata daga cikinsu ta miƙo ka ga Mama ta kan shinge, kana jariri. Mama ta sa maka sunan ƙanena don kar a gane ka. Da maƙwabta suka fara tsegumi, ta kai ka gidan marayu."

Kyandir ya suɓuce masa.

"To ni, mene ne sunana?"

"Matar ta waigo tana faɗin sunanka, da iyakar muryarta." Tsohuwar ta share ido. "Karnuka na haushi. Ba mu ji ba."