Shirwar Bakin Kududdufi

Shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, wata rana bayan la'asar na bi kakata, Iya, zuwa kududdufin da ya rage a fadamar ƙauyenmu, kusa da Minjibir. Ruwan ya ja baya, taɓo sai wari yake.

A gindin wata tsamiya na tarar da katantanwa zube, duk an cinye abin ciki. Murna ta kama ni, na shiga cika aljihu, yau zan fi kowa abin murzawa a dandali. Ina ɗaga kai sai ga shirwa ta sauko, ta suri dodon koɗi daga taɓo, ta koma kan reshe tana ƙwaƙule shi da baki.

Na rarumi dutse. Iya ta damƙe min hannu.

"Kul! Ƙyale ta."

"Iya, shirwa ce fa! Ba ke kike sa mu jefe ta ba in ta zo ɗaukar 'yan tsaki?"

Ta dubi tsuntsuwar, ta ce, "Wane ɗan tsako ya rage a garin nan? Ita ma rumbunta ya ƙare."

Sai ta sa na zubar da katantanwar duka, wai kwanon abincin shirwa ne, ba abin wasa ba. Na biyo ta gida ina kuka, ban gane laifina ba.

Yanzu ni ma ina da jikoki, amma har yau ban san wa Iya take tausayi ba, shirwar ko mu. Na dai tuna ranar ba a hura wuta a gidanmu ba.