Waƙar Bayan Danga

Ke Barira, da 'ya'ya uku a gabanki kike tambayata dalilin da ya sa na ƙwace wayar nan daga hannun yara? Wai ai fim ɗin 'yan zomaye ne, da kiɗa mai sanyi. Ke kin taɓa zama kin kalla? Ni da ban yi boko ba na kalla har ƙarshe. Duk sanda kiɗan nan mai sanyi ya taso, uwar wani ce za ta fita ba ta dawo ba. Autarki ta riga ki ganewa, da an fara shi sai ta damƙe mini zane. Ajiye tsintsiyar nan ki ji.

Wani mai kukuma ne yunwa ta koro daga garinsu, ya sauka a wani ƙauye ana saura kwana uku bikin ɗan sarkin noma. Aka ce masa in ya burge a bikin, ya samu ɗaki da wurin zama a garin. In bai burge ba, ga hanya nan. Shi kuwa waƙoƙinsa duk sun tsufa, ko awaki sun gaji da su. Da hantsi yana kwance a zaure yana saƙe-saƙe, sai ya jiyo wani tsoho a bayan danga yana rera wata 'yar waƙa ta hanci, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ko kalma ɗaya babu a ciki, amma daɗinta har ƙwalla ya kawo masa. Bai leƙa ba, bai tambayi kowa gidan wane ne ba, don kada wani makaɗi ya riga shi. Ya shige gonar rogo, kwana biyu yana goga ta a kukuma har ta zauna.

Ranar biki maza suka cika ƙofar gida, ango ya sha babbar riga. Mai kukuma ya lumshe ido, ya ja waƙar nan a tausashe. Wuri ya yi tsit. Ya ce a ransa, yau na kama su. Da ya buɗe ido ɗaya, sai ya ga dattawa duk sun haɗe gwiwoyi. Sarkin noma, mutumin da ke ɗaga buhun gero da hannu guda, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Liman ya tuna zai sake alwala. Yara maza suka ɗare tsamiya, ango ya tsallake katanga ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Mata kuwa a cikin gida dariya har da riƙe ciki. Kafin ya kai ƙarshen waƙar, mutum ɗaya ya rage a tabarma, wani tsoho da zabirar aski a kafaɗa, yana gyaɗa kai. Wanzamin garin ne. Shekara hamsin da waƙar nan yake lallashin yara in zai yi musu kaciya, babu namiji a ƙauyen da bai ji ta ba a ranar da ba ya son tunawa. Ran da baƙon ya jiyo ta ma, wanzamin ne a bayan dangar yana wasa askarsa. Tsohon ya matso ya ce, “Ka iya, ɗana. Sai dai ka yi sauri a tsakiya. Nan ake ɗan jinkirtawa, don a nan aska ke sauka.” Kafin la'asar mai kukuma ya kama hanya, ko tuwon biki bai ɗanɗana ba.

To, kin ji. Kafin ki miƙa wa yaro abu don ya yi miki daɗi a kunne, leƙa bayan dangar tukuna. Ba a banza Hausawa suka ce zuma, ga zaƙi ga harbi ba.

Ku kuma da kuka baza kunnuwa kamar zomayen, na ga mai tambayar mene ne kaciya. Kowa ya wanke ƙafa ya hau gado. Wayar tana ƙarƙashin matashina, mai ƙarfin hali ya zo ya ɗauka.